Gaje Uwar Tsibirai da 'Yar Farinta

Ku matso kusa da wuta, ku bar ture-turen nan. Ilu, sauke ƙafarka daga kan zanena, ni ba tabarmar ubanka ba ce. Hansai, tura itacen can ciki. Mati kuwa in ya yi barci kada wanda ya tashe shi, gobe ya roƙe ku ku ba shi. To, ga ta nan tafe, ga ta nanku!

"Ta ƙaraso mu ji ta, Kaka!"

An yi wata mata, sunanta Gaje. Ba a birni take ba, ba a ƙauye ba, can gindin teku take zaune, inda ruwa ya yi zurfin da ko rana ba ta san hanyar wurin ba. A wancan zamanin in ka shiga kwalekwale ka bar gaɓa, sai ka yi ta tuƙi har furfura ta fito maka ba ka ga tudun da tsuntsu zai sauka ya huta ba. Ruwa gaba, ruwa baya, shi ke nan.

Gaje tana da murhu guda, kuma wutar murhun nan ba ta taɓa mutuwa ba. Me ka ce, Ilu? Wuta a cikin ruwa? Kai dai akwai ka da ƙaiƙayin baki. Wutar Gaje ba ta kara ba ce da za a watsa mata ruwa ta mutu. Dutse take narkarwa, ya yi jawur, ya yi kauri kamar talge, yana tafarfasa. Kakanku Malam Jatau, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin jirgin ruwa, da idonsa ya ga hayaƙinta yana tashi daga tsakiyar teku. Kai da ko rafin bayan gari ba ka taɓa ƙetarewa ba, ka zo kana mini gardama.

Abu ɗaya ne Gaje ba ta iyawa, ba ta barin bakin murhun nan. In ta matsa wuta ta mutu, in wuta ta mutu ita ma ta bi ta. Amma Allah ya ba ta murya. In ta buɗe baki ta yi kira, duk faɗin tekun nan babu lungun da ba ya ji. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ana nan, ana nan, sai Gaje ta haihu. Ita ba mutane take haifa ba, duwatsu take haifa. Jaririya ta fito jawur, da zafi, tana huci. Gaje ta zaunar da ita a kan wata doguwar tabarma da ta ratsa ta gefen murhu, ita ce shimfiɗar gindin teku, ba wanda ya san farkonta balle ƙarshenta. Ta yi ta ɗura mata narkakken dutse, yarinya tana sha tana girma, tana sha tana girma, har kanta ya huda ruwa ya fito sarari. Kafaɗu suka biyo, ƙirji ya biyo, har sai da ruwa ya tsaya mata a ƙugu. Ranar da ta leƙo ana tafka ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, don haka kifayen da suka zo suna suka sa mata Marka. Ita ce tsibirin farko a tekun nan.

To, kun dai san sha'anin 'yar fari. Uwa ba ta kama sunanta, ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta yabonta, ko kallon kirki ba ta yi mata in da idon wani. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ita ce adon mace. Gaje kuwa ta fi kowa kunya. In za ta ambaci Marka sai ta ce "waccan", ko ta ce "yarinyar nan", tana sunkuyar da kai. In wani ya ce, "Gaje, 'yarki ta yi kyau," sai ta ce, "Wace 'ya? Ni ban san ta ba," ta juya tana gyara wuta. Amma Allah shi ne shaida, in ba kowa sai ta yi ta satar kallonta har zuciyarta ta cika.

Da lokacin yaye ya yi, aka ce a kai yarinya gidan kaka, kamar yadda ake yi. Gidan kakar nan yana can yamma, inda rana ke faɗawa. Wa zai ɗauki dutse? Babu. Sai aka kira Kunkuru, wani ƙaton tsoho da ya girmi kowa a teku, aka ce ya ciji bakin tabarma ya ja. Kunkuru ya ce, "Na ji, amma ba na gudu." Aka ce ba komai. Ya ciji tabarma ya fara ja. Kun san saurin da yake yi? Hansai, dubi farcenki. Kina ganin yana tsirowa? Ba kya gani, amma yana tsirowa. To haka Kunkuru ke jan tabarma.

Kafin a rabu, Gaje ta dubi gabas ta dubi yamma ta ga ba mai kallo. Ta ciro jigidarta ta murjani, wadda ta gada wajen uwarta, ta ɗaura wa Marka a ƙugu, daidai inda ruwa ya tsaya. Ba ta ce uffan ba. Marka ma ba ta ce uffan ba, don ita ma 'yar fari ce, ta san kunya. Tabarma ta yi gaba da ita.

Da Marka ta yi nisa da murhu sai jikinta ya huce. Ja ya koma baƙi. Ruwan sama ya jiƙa ta, tsuntsaye suka kawo iri a kashinsu, kwakwa ta biyo igiyar ruwa ta maƙale a gefenta ta tsiro. Kan ka ce me, ta yi kore shar, ƙoramu suna gangarowa daga kafaɗunta. Duk wanda ya gan ta sai ya ce tubarkalla. Sai dai abin da ba a gani shi ne, sanyi ya fara shiga ƙafafunta. Shi dutse in ya yi sanyi sai ya tsuke, ya yi nauyi, tabarma ta lotsa da shi cikin laka. In ba a riƙa aiko masa da ɗumi daga murhun uwarsa ba, nutsewa zai yi.

Gaje ta san da haka. Da ta sake haihuwa, ta sami wata 'yar aka sa mata Tarana, sai ta shiga jego. Kun san jego, ga ƙatuwar tukunyar ruwan zafi ta wanka safe da yamma, ga kunun kanwa mai yaji. Ta kira maƙwabciyarta Ƙaguwa. A lokacin nan Ƙaguwa tana da kai kamar kowa, tana tafiya gaba sak, ga bakin zuma, ga ciki kamar rijiya. Gaje ta cika ƙwarya da kunu, ta cika kasko da garwashi don Marka, ta kau da kai gefe ta ce, "Ungo, ki kai can gaba."

Ƙaguwa ta ce, "An gama, uwar ɗakina."

Ta kama hanya. Ta yi tafiya, ta yi tafiya, ƙanshin kunu yana dukan hancinta. Ta ce, "Bari in ɗanɗana in ji ko kanwa ta ji." Ta kurɓa. Ta ce, "Kai, ban ji sosai ba." Ta ƙara. Ta ce, "Yanzu kuma ya ragu, in na kai haka an ga gibi, abin kunya ne." Ta kafa kai ta shanye tas, har da lashe ƙwarya. Garwashin kuwa ta kai bakin raminta ta cusa a tsagar dutse, ta miƙe ƙafafu tana jin ɗumi. Har yau akwai wuraren da ruwan zafi ke ɓulɓulowa a gindin teku, to rumbunan ɓarauniyar nan ne.

Da ta huta sai ta ƙarasa wajen Marka hannu rabbana, don ta ji labarin kwakwa. Marka ta ga mutuniyar gida, farin ciki ya kama ta. Ta ce, "Sannu da zuwa, Gwaggo Ƙaguwa. Daga gida?"

"Daga gida."

"Inna ta aiko?"

"Ba ta aiko ba."

"Ta ambace ni?"

"Ko tari ba ta yi ta wajenki ba, 'yar nan. Tana fama da jaririya."

Marka ta kau da kai. Ta ce, "Ba komai." Ƙaguwa ta ci kwakwa ta ƙoshi, ta haƙa ramuka a rairayin yarinya, ta juya. Da ta ba da baya sai Marka ta fara waƙa a hankali:

Kunkuru ja ni sannu,
Ruwa ya kai ga ƙirji,
Mai murhu na da 'ya'ya,
Ni ce ba ni da suna.

Ƙaguwa ta koma gida tana jiran tambaya. Gaje ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kin dawo?"

"Na dawo."

"Hanya lafiya?"

"Lafiya lau."

"To, madalla."

Iyakar tambayar ke nan. Bakin Gaje cike yake da tambaya, ta sha? ta rame? me ta ce? Amma kunya ta danne. Ƙaguwa ta fita tana dariya cikin ciki, ta ce, "Ashe gonar da ba mai gadi na samu."

Aka yaye Tarana ita ma, tabarma ta yi gaba da ita, tana bin sawun yayarta daga nesa, don har lokacin Kunkuru bai kai ko rabin hanya ba. Gaje ta sake haihuwa, wannan karon namiji, aka sa masa Tanko. Wannan kam ɗan rigima ne, kansa a buɗe, duk hayaƙin murhun uwarsa ta nan yake fita, yana tofar da wuta yana gurnani. Gaje ta sake shiga jego, ta kira Ƙaguwa. Ta ba ta ƙwarya biyu, kasko biyu. Ta ɗaga ɗaya ta ce, "Wannan na Tarana ne. Ki ce ta shanye da zafinsa, ki ce ta ɗumama ƙafa." Ta tura ɗayan da bayan hannu, ta kau da kai ta ce, "Ungo, ki kai can gaba."

Ƙaguwa ta so ta haɗa duka biyun ta kwashe. Ba ta ko yi nisa ba sai ta ji muryar Gaje ta ratsa teku: "Tarana! Saƙo ya iso?"

Tarana ta amsa daga nesa, "Bai iso ba, Inna!"

Ai sai Ƙaguwa ta zuba da gudu, ta kai wa Tarana nata cif, ko ɗigo bai zube ba. Gaje ta sake kira, "Tarana! Kin sha?" Ta ce, "Na sha, Inna, har na yi gumi!" Kun gani? Wanda ake kiran sunansa ba a cin rabonsa. Na Marka kuwa, kafin a je ko'ina ya bi na bara.

Ƙaguwa ta ƙarasa wajen Marka tana gyatsar kanwa. Yarinyar ta rage tsawo, ruwan sama ya zaizaye mata kai, igiyar ruwa tana gutsurar gefenta kullum.

"Daga gida, Gwaggo?"

"Daga gida."

"Inna ta aiko?"

"Ta aiko wa Tarana."

"Na ji tana kiranta. Ni ta ambace ni?"

"Ke kam ki haƙura. An sami namiji yanzu, wa yake ta taki?"

Wannan magana ta soki Marka, ta soke ta ƙwarai. Tana da baki, da ta ɗaga murya ta ce "Inna, ina jin sanyi," da uwar ta ji. Amma ina, 'yar fari ba ta roƙon uwa. Ta haɗiye, ta yi waƙarta:

Kunkuru ja ni sannu,
Ruwa ya kai ga wuya,
Mai murhu na da 'ya'ya,
Ni ce ba ni da suna.

Hansai, share idonki, ba a kai wurin kuka ba tukuna.

Abin mamaki shi ne jigidar nan. Murjanin Gaje mai rai ne, kuma yana son hasken rana. In Marka ta nutse taki guda, sai murjani ya hau taki guda, ya tsaya a saman ruwa. Tana ƙasa yana sama, tana ƙasa yana sama, har ya zama katanga ya kewaye ta, igiyar ruwa tana fashewa a kansa kafin ta iso jikinta. Ba don shi ba da tuni teku ya cinye ta.

Aka sake yin aike na uku, Ƙaguwa ta sake shanyewa. Wannan karon ko wajen Marka ba ta je ba, ta ce kwakwar can ta ƙare, me za ta je yi? Ta kwanta a raminta ta yi ƙiba har ɓawonta yana tsagewa. Ta koma ta ce hanya lafiya lau, aka ce mata madalla.

To, akwai Shamuwa. Ita kowace shekara in za ta wuce sai ta sauka a kan Marka ta huta, ta saba da ita. Shekarar farko ta sauka a kan dutse mai tsawo, girgije yana shafarta. Da aka jima sai ta ga tudu ne kawai. Wannan zuwan kuwa da ta sauka, ruwa yana taɓa mata ƙafa. Ta ce, "Subhanallahi! Marka, ke ce haka? Uwarki ta sani?"

Marka ta ce, "Tana da aiki. Kada ki dame ta."

Shamuwa ta ce, "Aikin banza ke nan." Ta tashi fir, ta wuce Tarana, ta je ta sauka a bakin ramin kan Tanko, hayaƙi yana shaƙe ta. Ta leƙa ƙasa ta yi sallama. Gaje ta amsa daga bakin murhu. Shamuwa ta ce, "Gaje, daga wajen Marka nake."

Jin sunan nan sai Gaje ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Wace ce haka? Ban san ta ba. Ya iyali?" Ta kama muciya tana tuƙi da ƙarfi don kada ta ji saura. Shamuwa ta yi magana, ta yi magana, ƙarar tukunya ta haɗiye. Ta gaji ta tafi.

Kashegari ta dawo. Ta ce, "Gaje, maganar 'yarki ce, ki saurare ni." Ƙaguwa tana zaune a gefe, tana jiran suɗin kunu. Ta yi caraf ta ce, "Haba Shamuwa, ba ki da ta ido? Ki zo gaban mace kina kama sunan 'yar farinta? Ni ce mai zuwa can, lafiyarta ƙalau, har ƙiba ta yi." Gaje ta ji sanyi a ranta, ta ce, "Kin ji. A gai da gida." Shamuwa ta tashi ranta a ɓace.

Ta koma wajen Marka. Abin da ya rage a saman ruwa bai fi faifai ba. Hanci da baki duk sun shiga, sai tsakar ka. Tana jin waƙar tana fitowa daga ƙarƙashin ruwa, da ƙyar:

Kunkuru ja ni sannu,
Ruwa ya rufe baki,
Mai murhu na da 'ya'ya,
Ni ce ba ni da suna.

Shamuwa ba ta tsaya magana ba. Ta sa baki ta ɓamɓaro tsakuwa guda daga tsakar kan Marka, ta tashi da ita. Ta iso bakin ramin Tanko, ba sallama ba gaisuwa, ta saki tsakuwar. Ta gangara, ta gangara, ta faɗa a tafin hannun Gaje.

Uwa ba ta kasa gane jikin ɗanta. Tana taɓawa ta san na wace ce. Kuma tsakuwar nan sanyi ƙarara, kamar an tsamo ta daga gindin randa. Duk kunun da ta dama, duk garwashin da ta ɗiba, babu ɗigon ɗuminsa a jikin yarinyar. Muciya ta faɗi daga hannunta.

Ta juya ta dubi Ƙaguwa, ido cikin ido, ta yi tambayar da ya kamata ta yi tun aiken farko. Ta ce, "Ta sha kunun da na ba ki?"

Ƙaguwa ta fara inda-inda. Ta ce, "Wa? Ai ba ki taɓa tambayata ba, uwar ɗakina. Hanya kike tambaya, kuma hanya lafiya lau take." Tana magana tana raɓewa da bango, tana jan jiki gefe-gefe za ta sulale.

Gaje ba ta bi ta kanta ba tukuna. Ta yar da mayafi. Ta miƙe tsaye, a gaban Ƙaguwa, a gaban kifaye, a gaban kowa da kowa, ta buɗe baki iyakar ƙarfinta:

"Marka!"

Jama'a, ba a taɓa jin irin wannan kira ba. Gindin teku ya girgiza. Tanko ya firgita ya yi aman wuta har sama ta yi ja. Tarana ta ji duwatsun kafaɗarta suna gangarowa. Igiyar ruwa ta tashi kamar ganuwa ta nufi yamma da gudu.

"Marka!"

Shiru.

"Marka, 'yata, ki amsa mini!"

Shiru. Ta juya muryar wajen Kunkuru ta ce, "Baba Kunkuru, don girman Allah ka dawo mini da tabarmar nan baya." Kunkuru ya amsa da tabarma a baki, ya ce, "Gaje, ja aka ce in yi, kuma ja na iya. Tabarma ba ta turuwa. Abin da ya wuce murhu ya wuce." Gaje ta roƙi Shamuwa ta je ta dubo. Shamuwa ta tashi, ita kuma ta tsaya da tsakuwa a hannu tana jira, ba ta ko iza wuta.

Shamuwa ta isa. Babu Marka. Babu tudu, babu faifai, babu inda za ta sa ƙafa sai kan murjani. Jigidar nan ce kawai a kwance a saman teku, ta yi zobe, farin rairayi ya taru a kanta. A waje igiyar ruwa tana hauka, a ciki kuwa ruwa kwance lumui, garai-garai, kana hango tsakar kan yarinyar can ƙasa. Shamuwa ta sunkuya ta ce, "Marka, kina ji na?" Sai ta ga ruwan ya ɗan motsa. Ta kasa kunne ta ji abin da aka ce mata, ta juyo.

Tun daga nesa Gaje ta ɗaga murya, babu sauran kunya, ta ce, "Kin same ta? Me Marka ta ce?"

Shamuwa ta sauka a bakin rami. Ta ce, "Ruwa ya rufe ta, Gaje, ba ta fitowa kuma. Amma kiranki ya riske ta. Ta ce in gaya miki ta ji, har sau uku ta ji. Ta ce ta amsa, ruwa ne ya cika mata baki. Ta ce ashe kin san sunan."

Gaje ta zauna daɓas. Ta yi kuka, ta yi kuka, kukan da ba ta taɓa yi ba tun da aka halicce ta.

Yanzu kam, Hansai, kina iya yin naki.

Ƙaguwa fa? Ai tana can ta kusa ƙofa, tana ta raɓe-raɓe. Gaje ta miƙa ludayi ta kwaso ta, ta ce, "Ke mai son ɗumi, zo ki ji ɗumi." Ta tsoma ta cikin tukunyar ruwan jego. Ƙaguwa ta ƙwalla ihu, ta cusa kai cikin ƙirji don ta tsira, kan bai sake fitowa ba, idanu kawai suka yi tsalle suka tsaya a waje. Ta fito jawur da ƙyar ta faɗa rami. Shi ya sa har gobe ba ta da kai, tafiyarta gefe-gefe irin ta marar gaskiya, kuma in ta ji ruwan zafi sai ta yi ja, tana tuna ranar nan.

Gaje ba ta daina haihuwa ba, Kunkuru bai daina ja ba, kuma har yau ba a isa gidan kaka ba. Shi ya sa kakanku ya ce in jirgi ya bi ta wurin za ka ga tsibiran a jere, ɗaya bayan ɗaya, kamar an ɗaura su a igiya. Na can gabas, kusa da murhu, dogo ne baƙi, yana hayaƙi yana tofar da wuta, shi ne wanda ke kan nono. Na bayansa kore ne mai ƙoramu. Na gaba ya gajarce, ya tsufa, murjani ya kewaye shi. Can ƙarshen yamma kuwa babu dutse sam, sai zoben murjani da 'yan itatuwan kwakwa, da ruwa mai kwanciya a tsakiya, inda masunta ke fakewa in teku ya tashi. Kowane ɗa da tsufansa, wannan ba mai hana shi. Amma tun daga ranar nan babu wanda Gaje ta bari ya tafi ba ta ɗaura masa murjani ba, kuma babu wanda ba ta kira. In mutanen tsibiran suka ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsu, ba sa mamaki, sun san uwar ce take bin 'ya'yanta da suna. Da sunan Marka take farawa.

To, kun ji. Kunya ado ce, ban ce ku yar ba, wanda ba shi da ita ba mutum ba ne. Amma in ta hana bakinka kama suna, kada ta hana ka tambaya. Wanda ya ba da saƙo bai bi sawu ba, ɗan aike ya yi wa girki.

Me kuma, Ilu? Wai ni ma ba na kiran sunan babanku? Ji mini yaro da baki! To ba na kira, kuma ba zan kira ba, ɗan fari ne. Amma ka taɓa ganin na ba wata ƙaguwa furarsa? Da hannuna nake dama masa, da ƙafata nake kai masa, in tsaya a kansa sai na ga gindin ƙwarya. In ya rame, kafin uwarku ta sani ni na sani. Tashi ka ɗauki Mati, ya yi barci da baki buɗe.

Ƙurunƙus kan ƙaguwa, wanda ya samo mata kan ya kawo mini in gani.